Shugaban da Ya Kasa Aiken Surukinsa

Muhammad Sani, ɗan gwaggonmu na Furfuri, mutum ne da ko kunama ta harbe shi sai ya idar da alwala zai duba. Ya yi makarantar kiwon lafiya, ya daɗe yana yi wa mutanen Bunguɗu allura, har ana cewa babu ɗuwawun da bai sani ba a ƙasar.

Da aka ba mu jiha, muƙamai suka zubo kamar ƙanƙara, ɗaya ya faɗo masa a ka: shugaban wani ƙaramin asibiti gaba da Tsafe, ta wajen 'Yandoto. Ya hau babur ya tafi.

Leburan asibitin, mai shara da ɗebo ruwa da dafa sirinji, Baba Buba ne, uban matarsa Shafa'atu.

To, wa ke aiken surukinsa? Ko sunansa ba ya iya faɗa. Kullum da safe shugaba zai tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida lebura. Shi ma tsohon kunya ta kama shi. In Muhammad Sani ya shigo ta gaba, sai tsohon ya fice ta baya. Shara ta taru. Gizo ya yi saƙar da za ta ishi amarya lefe, akuya ta haihu a ɗakin allura.

Ya ce da Shafa'atu, "Ko za ki ɗan yi wa su Baba maganar tsintsiya?"

Ta ce, "Ubana zan aika shara? Kai aka ba muƙami, ba ni ba."

Hajiya Jummai, mai duba asibitoci daga Gusau, ta zo ta toshe hanci. Ta ce, "Malam, ko leburanka ya yi aiki, ko ka kawo mini sunansa a sallame shi. In ba haka ba, kujerar nan da masu so."

Ya ce to. Sai ya fara sharar da kansa bayan asuba. Da Baba Buba ya ji mijin 'yarsa ke yi masa aiki, kunyar ta ninka, ya koma gindin tsamiyar da ke tsallaken hanya yana kallon asibitin daga nesa.

Ranar da Hajiya ta dawo, mata sun yi layi da yara masu zazzaɓi, shugaba kuwa yana duƙe da tsintsiya.

"Ina leburan?"

"Yana nan kusa, Hajiya."

"Mi ne sunansa?"

Muhammad Sani ya dubi tsintsiya. Ya dubi tsamiya. Ya ce, "Dattijo ne."

"Ba shekarunsa na tambaya ba."

Ya jingine tsintsiya. Ta miƙa hannu, ya zuba mata makullai kamar mai miƙa goro. Nan take ta ba Adamu, mataimakinsa, wanda bai haɗa komai da kowa a garin ba. Adamu ya leƙa waje ya ce, "Buba, ruwa." Tsohon nan ya taso da gudun da bai yi ba tun yana kiwo.

Muhammad Sani ya wanke hannu ya koma teburin allura, ya kira ta farko a layi. Bai ji zafi ba, bai ji sanyi ba. Da azahar ya sha furarsa har ya suɗe ludayi.

Da ya koma gida Shafa'atu ta ce, "An ce an karɓe kujerar?"

Ya ce, "An karɓa."

"To, yanzu fa?"

Ya jingina babur da bango. "Asibiti ya yi tsabta," ya ce. "Akwai tuwo?"