Ranar da Inna Ladidi Ta Ƙwace Cokali

Ƙarshen lokacin zafi ne, sa'ad da dabino ya cika kasuwannin Riyad har ana ba maƙwabta kyauta. Shekarar kuwa ta ƙwallo ce. Saudiyya ta je gasar duniya, Najeriya ta je, Brazil ta ɗauki kofi, ko ina ka shiga zancen ke nan, har masu sayar da burodi. Ni ba ruwana da ƙwallo, amma ita ce ta kawo mini matar da har yau ban manta da ranar da ta yi girki a unguwar Shumaisi ba. Ku da kuka zo aiki bayanmu kun sha tambayata yadda aka yi kuku ta zama tafinta. To ga yadda aka yi.

A lokacin ina girki a gidan wani jami'in ofishin jakadancinmu a unguwar Nasim. Shi ne kafilinmu, wato da sunansa aka yi mana iƙama, takardar zama a ƙasar. Maigidana shi ne direban gidan, ni kuma kicin ne nawa, daga cefane har kwasar tuwo. Umarni daga uwargidan, Hajiya Bilki, nake karɓa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, na yi shi da goyo a baya. Turancina na kicin ne, Larabcina na kasuwa, amma suna kai ni inda za ni.

Wata rana Hajiya ta kira ni falo, na tarar da baƙuwa. Baƙar mace ce doguwa, da za ka gan ta a kasuwar Kano ba za ka waiga ba. Hajiya ta ce sunanta Dokta Lusiya, malamar jami'a ce daga Brazil, daga wani yanki da ake kira Bahiya. Mijinta mai horar da 'yan ƙwallo ne a nan, aikinsa ya kusa ƙarewa, sun kusa komawa.

"Talatu, kin san an kwashi mutanenmu bayi an kai su can?" in ji Hajiya.

Na ce na ji ana faɗa, amma ban san har da Hausawa ba.

"Har da su. Ita bincikenta ke nan, abin da jikokinsu suka riƙe da abin da suka manta. Kakarta ta rasu tana cewa su asalin Hausawa ne. Tana so ta zauna da tsofaffinmu na Shumaisi. Ke kika san su, ke za ki kai ta."

Na ce, "Hajiya, ni da ban yi boko ba?"

Dokta Lusiya ta fahimci abin da nake nufi. Ta ce da Turanci a hankali, "Ba boko nake nema ba. Abu ɗaya nake so. Abin da suka faɗa, ki faɗa mini shi yadda yake, ko da ba zai yi mini daɗi ba." Na ce wannan kam zan iya.

Wadda na zaɓa ita ce Inna Ladidi. Tun tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Katsina da ƙafa, ta Sudan, har Makka. Da ta tsufa ɗanta ya dawo da ita wurinsa a Shumaisi. Hausarta irin ta da ce, ba gauraye. Na sanar da ita, ta gayyato ƙawarta Gwaggo Hansai.

Ranar farko aka shimfiɗa mana darduma sabuwa, aka kawo gahawa da dabino, aka kunna turaren wuta. Dokta ta nemi izinin kunna rikoda, aka ba ta. Ta fito da hotuna daga garinsu tana nunawa ɗaya bayan ɗaya. Ga mata sanye da fararen kaya.

"Namu ne," in ji Inna. "Sak matan Katsina."

Ga wata 'yar laya ta fata.

"Wallahi tamu ce."

Ga kwalekwale cike da furanni ana tura shi cikin teku.

"Haka muke yi," in ji Gwaggo Hansai, tana gyaɗa kai.

Na dube ta. Garinsu ko kogin kirki babu. Amma an ce in faɗi abin da suka faɗa, sai na faɗa. Daga ƙarshe Dokta ta nuna wani hoton kifi da dankali a faranti, Inna ta ce, "Ikon Allah, har wannan kun riƙe!" Sai na ga Dokta ta kashe rikoda, ta yi godiya, muka fito.

Muka shiga mota ni da Dokta, muka bar unguwar. Sannan ta ce, "Hoton ƙarshen nan abincin Turawan Fotugal ne. Da gangan na sa shi. Haka muke yi a aikinmu, don mu gane ko mutum yana bin bakinmu ne. Talatu, me ya sa suke yi mini ƙarya?"

Na ce, "Dokta, ba ƙarya ba ce, kara ce. Kin tsallako teku kina neman danginki. Wace tsohuwa ce za ta dubi idonki a kan dardumarta ta ce ke ba tata ba ce? Ko hoton jirgin sama kika nuna, cewa za su yi kakansu ne ya ƙera."

Maigidana ya yi dariya a gaba, amma ita ba ta yi ba. Ta ce in haka ne duk abin da ta ɗauka yau ba shi da amfani, kuma ba ta da lokacin zuwa Najeriya, ba ta da halin sake irin wannan tafiya. Za ta koma ba ta san ko maganar kakarta tana da tushe ba, ko daɗin baki ne kawai na tsohuwa.

Na tambaye ta me kakar take yi da hannunta wanda ita ma ta iya. Ta yi tunani ta ce akwai wani abinci da take dafawa ran Juma'a ta rarraba wa maƙwabta. Ta fara gaya mini yadda ake yi, na ɗaga hannu na ce, "Kada ki faɗa mini. Ko sunansa kada in ji. Ki je ki dafa a gabansu."

Dalilina shi ne, na san matanmu. A falo baƙo sarki ne, komai ya faɗa daidai ne. Amma Bahaushiya ba ta iya ganin ana ɓata abincin da ta sani ta yi shiru, ko da matar gwamna ce ke riƙe da tukunyar.

Da na kai wa Hajiya Bilki shawarar, ta riƙe baki. "Dokta guda za ki sa girki a gidan mutane? Talatu, kina so a ce ofishinmu bai san darajar baƙi ba?"

Na ce, "Hajiya, ki bar ni da wannan. In abin ya ɓaci ki ce ni ce."

Ta dube ni ta ce, "Tunda na san ki ban taɓa jin kin dage a kan abu ba. Je ki."

Saura Inna, don ita ma ba za ta yarda baƙuwa ta shiga mata kicin ba. Gaskiya na gaya mata: yarinyar nan tana so ta dafa abincin kakarta da hannunta a raba wa mutane, kamar yadda marigayiyar take yi. Inna ta ce, "Sadaka ce ke nan. Wa zai hana? Ta zo."

Ran Alhamis da hantsi muka biya kanti. Mai kanti ya miƙo doguwar shinkafar basmati, irin wadda kowa ke saye. Dokta ta ɗebo ta duba ta girgiza kai, ta zagaya har ta sami shinkafar Masar, gajeriyar nan mai danƙo. Na gane ta, domin ita nake saye in zan yi wa Alhaji, mijin Hajiya, wani abinci. Amma na kame bakina.

A kicin ɗin Inna aka ajiye wa tsofaffin kujeru 'yan tsugunne, aka kunna rikoda da saninsu. Ni na zauna a bakin ƙofa, aikina fassara kawai. Dokta ta wanke shinkafa, ta zuba ruwa mai yawa, ta ɗora. Gwaggo Hansai ta miƙa mata gishiri. Ta ce a'a, ba a sawa.

Inna ta daina jan carbi.

Shinkafa ta dahu, ta wuce dahuwa, ta fara narkewa. Gwaggo ta raɗa wa Inna, "Ta caɓe fa, baiwar Allah ba ta iya ba." Inna ta ce, "Yi shiru mu gani." Sai Dokta ta ɗauki ɗan cokalin katako, tana tsaye a gaban risho, ta shiga juya shinkafar da hannu ɗaya tana danne ta a jikin tukunya. Tukunya tana rawa, cokali yana neman karyewa.

Ban san sa'ad da Inna ta miƙe ba, tsohuwar da sai an kama ta take tashi.

"Ke! Haka ake tuƙa tuwo a garinku? A tsaye kamar soja? Kawo nan!" Ta fizge cokalin ta jefar a kwanon wanke-wanke. "Hansai, miƙo mini muciya a bayan ƙofa. Sauke tukunyar ƙasa! Uwarki ba ta koya miki komai ba? Tuwo duk gudaji, wa zai ci?"

Dokta ta juyo a firgice. "Me take cewa?"

Na ce, "Faɗa take yi miki. Ta ce ba haka ake tuƙa tuwo ba."

"Wa ya gaya mata abin da nake dafawa?"

"Babu. Ni kaina ban san abin da za ki dafa ba."

Inna ta sa tsumma ta dafe tukunyar da ƙafafunta, ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙawa tana mita. Dokta ta tsuguna tana kallon ƙafafun nan. Ta ce mini a hankali, kakarta haka take yi, a ƙasa, da tsumma a ƙafa da doguwar sanda. Mahaifiyarta ce ta bari da suka koma gidan bene. Inna ta miƙa mata muciyar ta ce, "Karɓi. Daga ƙugu ake yi, ba daga wuyan hannu ba, shashasha." Na fassara har da shashashar, tunda alkawarin da na yi ke nan. Dokta tana dariya, hawaye na zuba, tana tuƙi.

Da ya turara, ba wanda ya ce mata komai, ta nemi ƙaramin kwano ta tsoma shi a ruwa, ta ɗebo ta juya ta juya har ya zama malmala. Gwaggo Hansai ta ce, "La ilaha illallahu." Inna ta ce, "Wannan kam an koya miki."

Sai aka zo mahaɗi. Dokta ta fito da abin da ta taho da shi daga gida: manja, da busasshen nama, da garin busasshen jatan lande. Ta soya da albasa da barkono. Inna ta sunsuna ta yamutsa fuska.

"Mene ne wannan?"

Na ce ƙananan halittun teku ne.

"Ƙwarin ruwa? A kan tuwo? A'a. Wannan ba namu ba ne. Ina kuka, ina daddawa? Gaya mata, tuwon namu ne, miyar kuwa a hanya suka tsinto ta."

Na fassara ina jin nauyi. Ga mamakina Dokta ta kama hannuna ta matse. Ta ce wannan a'ar ta fi mata duk abin da aka faɗa ranar farko, domin wanda ya iya ce maka a'a shi ne za ka yarda da e ɗinsa. Sai a lokacin ta gaya mana sunan abincin a yarensu. Ma'anarsa shinkafar Hausa.

Aka raba wa maƙwabta bayan azahar. Inna ta sa aka ɗumamo mata miyar kuka ta jiya, ta ce ita ba za ta ci ƙwari da tsufanta ba. Da za mu tafi ta naɗe muciyar a tsohon zane ta danƙa wa Dokta. "Tafi da ita. Kada ki sake kunyata kakarki da cokali."

A mota na ce, "To Dokta, yanzu kin tabbata Bahaushiya ce ke?"

Ta ce, "A'a. Tukunya ba ta nuna jinin mutum. Abin da na tabbatar shi ne, wata mace ta tsallake teku da wannan tuƙin a hannunta, aka yi ta miƙa shi har ya iso kicin ɗin kakata. Iyakar abin da zan rubuta ke nan, ba zan ƙara ko kalma ba." Na girmama ta da wannan maganar. Da ni ce, da na ce e na huta.

Abin da na koya a aikin tafinta, wanda daga baya na yi wa baƙin Hajiya da yawa, shi ne kai magana daga baki zuwa baki rabin aikin ne. Sauran rabin ka san inda mutanenka suke faɗin gaskiya, ka kai baƙon can. Mu dai ba a falo muke faɗa ba. Kuma wanda muka ɗauka namu, shi muke yi wa faɗa.

Wannan ne ya tsaya mini a rai, saboda autata Zainabu. A Riyad ta girma, Larabcinta ya fi Hausarta, kabsa, dafa-dukan Larabawa, da burodi ne abincinta. Ni kuwa mai sanyin hali ce, kullum sai in ce ta je ta yi karatu, in zuba mata a faranti in kai mata, kamar baƙuwa.

Washegari Juma'a, bayan an karya, na ɗora shinkafar Masar a ɗakinmu na bayan gida. Da ta narke na sauke tukunyar ƙasa, na kira Zainabu na miƙa mata muciya. Ta riƙe ta da yatsu biyu ta ce da Larabci, "Yumma, esh haza?" wato "Mama, mene ne wannan?"

Na ce, "Ba yumma ba, Inna za ki ce. Zauna ki dafe da ƙafa. Daga ƙugu ake yi, shashasha."

Maigidana ya leƙo daga tsakar gida, don bai taɓa jin muryata ta kai can ba. Tuwon ranar duk gudaji ne. Muka cinye shi tas.