Ƙafar da Shekara Ta Ƙi Ɗagawa

Duk wanda ya saba sayen man gyaɗa a kasuwar Matameye shekarun baya ya san Shekara, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan da ke zama kusa da masu rake, kwalabenta a jere, ƙuli-ƙulinta a kwano an rufe da faifai. Fara'ar ciniki kam ba ta iya ba. In ka taya da raini sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Yi gaba, ɗana, akwai mai araha." Amma manta ba algus, shi ya sa ake dawowa.

A wani ƙauye wajen Dungu aka haife ta. Tana ƴar ƙarama wani yaro ya kwanta ciwo, cikin zafin jiki ya ambaci sunan gwaggonta. Shi ke nan, gari ya ce mayya ce, ta kama masa kurwa. Aka jawo matar gaban jama'a, aka shimfiɗe yaron a tabarma, aka tilasta mata ta tsallake shi, wai da haka maye ke sakin abin da ya kama. Ta tsallake. Yaron ya warke, ita kuwa gwaggo ba wanda ya ƙara cin tuwonta har ta bar duniya.

Shekara ta girma da wannan tsoro a ciki. Ta auri Idi, manomi mai zuwa cin rani Kano, wanda wata shekara ya dawo da abin da ba a aike shi ba: ya zama mai bin Yesu Almasihu. Ta yi faɗa, ta yi yaji, ta dawo, ta zauna tana jinsa da rabin kunne. Ba wani dogon wa'azi ne ya kama ta ba. Wata rana suna sussukar gero ya ce mata, "Rai a hannun Allah yake, Shekara. Ba ɗan Adam ɗin da ya isa ya ɗaure kurwar wani a tulu." Ta ce tun ranar ta fara barci mai daɗi. Da dangi suka ja baya sai suka dawo Matameye, inda akwai ƴar majami'a ta ƙasa da tsirarun masu bi, ga maƙwabta Musulmi da ake gaisawa ana miƙa wa juna wuta ta kan katanga. Haihuwa ta yi ta, amma ɗaya ne ya tsaya mata, Ishaya, mai gyaran babur a bakin tasha. Bayan rasuwar Idi, Ishaya ya samu ƴa mace aka sa mata Fadila.

Ai wannan yarinya ita ta narkar da tsohuwar. Tun tana rarrafe ta ƙaurace wa ɗakin uwarta ta koma gindin murhun kakarta. Shekara da ba ta ba kowa gyara ta zama mai ɓoye tunkuza a gefen zane saboda "ƙawata". Gidajen biyu haɗe suke, da ƴar ƙofa a tsakani, kuma duk yini yarinyar na zirga-zirga ta cikinta.

Ana nan sai ga wani mutum ya shigo ta iyakar Ɗan Barto da farar kwat da lasifika. Ya kama hayar wani fili ya kewaye da zana, ya ce shi bawan Yesu ne, ana nuna masa abin da ke ɓoye. Mutane suka sa masa Mai Wahayi. Koyarwarsa ɗaya ce: ba ciwon da ke zuwa haka kawai, kowace cuta da fuskar mutum a bayanta, kuma yawanci na gida ne. Fasto Sani, tsohon da ke kula da majami'a, ya yi gargaɗi har muryarsa ta dushe. Ina! Shi Fasto haƙuri yake ce wa mutane su yi, wancan kuwa sunan mai laifi yake ba su. Benci ya dinga yin fili ranar Lahadi. Shekara ta je filin Mai Wahayi sau ɗaya ta ji da kunnenta, ta dawo tana tsaki. "Wannan ai bokan ƙauyenmu ne ya sa kwat," in ji ta.

Da damina ta yi tsaka, sauro ya yi yawa, masassara ta kayar da Fadila. Shekara ta ce a kai ta likita. Ishaya ya ce to, amma matarsa ta riga ta zama ƴar gaban goshi a filin Mai Wahayi, can aka nufa da ita. Yarinya jiki kamar garwashi, ido a juye, ba abin da take faɗi sai "Kaka, Kaka." To wa za ta kira, jama'a, in ba wadda ke goya ta ba? Amma Mai Wahayi ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, ga shi Allah ya buɗe bakin yarinya ta faɗi mai riƙe da ita.

Da la'asar aka aiko wa Shekara. Ta bar gyaɗa a wuta ta taho da sauri, a zatonta tafiya likita za a yi. Tana shiga ta ga tabarma a tsakiyar fili, jikarta a kwance, mutane sun yi da'ira. Ba sai an gaya mata ba, ta taɓa ganin wannan da'irar.

"Tsohuwa," in ji Mai Wahayi cikin lasifika, "asirinki ya tonu. Tsallake ta cikin sunan Yesu, ki saki abin da kika kama."

Shekara ba ta ko dube shi ba. Ɗanta ta duba. "Ishaya, ɗauko ta. Ɗora min ita a baya in kai ta likita. Masassara ce."

Ishaya ya zube a gabanta yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Inna, don girman Allah. Taku ɗaya ne. In ba ke ba ce, me zai rage miki?"

Wallahi ta so ta ɗaga ƙafar. Ta faɗa daga baya cewa har ta ji diddigenta ya bar ƙasa. Mene ne taku ɗaya a kan ran Fadila? Amma ta san abin da takun ke cewa. Cewa yake ran yarinyar a hannunta yake ba a hannun Allah ba, kuma da sunan Ubangijinta za ta sa hannu a wannan ƙarya, gaban mutanen da suka yi shekaru suna addu'a tare. Ta kuma san in ta tsallake za a zauna jiran kurwa ta dawo, ba wanda zai ƙara zancen magani.

Ta ce, "Da sunan nan aka raba ni da wannan abu. Ba zan koma masa da sunan ba. Ban kama ta ba, ba ni da abin da zan saka."

Sai ta durƙusa za ta ɗauki yarinyar. Fili ya kaure da ihu, wasu samari suka fizge ta suka tura ta waje, ɗankwalinta ya faɗi a taɓo. Ta ruga ta kira Fasto Sani, suka dawo tare, aka hana su shiga. Suka tsaya bayan zana, tsofaffi biyu, suna roƙo suna addu'a, tana jin muryar jikarta na kiran ta tana raguwa. Sai da gari ya waye, jikin yarinyar ya saki, Ishaya ya saɓa ƴarsa a babur ya kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ta ya tambaye shi ina suka tsaya tun shekaranjiya. Kafin azahar Fadila ta cika.

Kana tsammani maganar majo za ta wanke Shekara? Ko kusa. Cewa aka yi ta ƙi saki, ta cinye jikarta. Mai Wahayi kuwa kafin kaka ya naɗe lasifikarsa ya yi gaba, ba wanda ya tsare shi ya tambaye shi komai. Wasu daga cikin waɗanda suka bi shi sun dawo majami'a sumumu, suna zama nesa da bencinta. A kasuwa kwalabenta suka yi ta komawa gida yadda suka fito, har ta daina fita. Uwaye na janye ƴaƴansu in ta ratso lungu, ita da ta yi rabin rayuwarta a unguwar.

Wanda ya fi ci mata rai shi ne Ishaya. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata murya ba. Da kunnensa ya ji abin da majo ya ce, amma in ya yarda da shi to laifin ya dawo kansa, shi kuwa ba zai iya ɗauka ba. Wata safiya ya kwaɓa ƙasa ya toshe ƙofar da ke tsakanin gidajen, tana zaune tana kallon hannunsa. Da ya kai saman ya leƙo ya ce, "Ko na ƙarya ne, Inna, da kin yi min." Bayan girbi ya kwashe iyalinsa suka tafi Kano, ba sallama.

Yanzu ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Duk Lahadi tana dogara sanda zuwa majami'a, wani lokaci daga ita sai Fasto da mutum biyu uku. Tana addu'a, ba ta fasa ba, amma ba ta ɓoye cewa ta tambayi Allah dalili har ta gaji, ba ta ji komai ba. Mai leƙa ta kullum ita ce maƙwabciyarta Hajiya Basira, wadda tun farko ta ce zancen maitar nan banza ne, kuma har yau da gangan take cin abinci kwano ɗaya da ita a ƙofar gida don masu wucewa su gani.

Hajiyar ce wata rana ta kasa haƙuri ta tambaye ta, "Shekara, tsakaninki da Allah, da za a maido ranar nan, za ki tsallake?"

Tsohuwar ta ce, "A'a, Hajiya. Ba zan tsallake ba." Ta goge ido da bakin zane. "Amma da na tsallake, da sun bar ni na riƙe ta."