Inda Ya Tsayar Da Kaset

In ka bi layin masu gyaran kayan lantarki, ka wuce mai ɗinkin kujerun mota, a shago na uku za ka tarar da wani siririn dattijo ya duƙufa kan buɗaɗɗen cikin rediyo, hayaƙin dalma na bi ta gefen hancinsa. Allura ake ce masa. Ba don ramarsa ba ne, ko da yake ramar ma ta isa. Tun yana saurayi, duk sanda zai bar shago sai ya zare allurar garmahonsa, ya sa a kwalin ashana, ya jefa a aljihun gaba, don kada wani ya kunna masa faifai a bayan idonsa. Ko banɗaki zai zaga, da allurar yake tafiya. Rowa iri-iri ce, tasa ta kiɗa ce.

Faifan ma guda ɗaya ne tak. Wani direban babbar mota ne ya kawo garmaho gyara da faifan a ciki. Da ya zo karɓa sai ya bar masa duka biyun, ya ce, "Riƙe kawai, matata ta ce ko ita ko shi." A bangon faifan akwai hoton wasu Turawa huɗu, gashi har kafaɗa, riguna a buɗe, babu mai murmushi a cikinsu. Allura ya ɗora shi ne don ya gwada aikinsa. Ganga ta fara faɗowa kamar ana sauke buhuna daga mota, jita ta shigo da gurnani, sannan mawaƙin ya ƙwala wani ihu da ya sa mai ɗinkin kujeru leƙowa yana tambaya ko wuta ce ta ja wani. Allura kuwa yana tsaye da sukundireba a hannu, tsigar jikinsa duk ta tashi. Bai ji kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba, har yau ma ba ya ji, amma tun ranar ya raɗa musu suna Mutanena.

Kuma a gaskiya ya san su, wannan ba a ƙwace masa. In an tashi daga aiki, makanikai da masu walda sukan taru a ƙofar shagonsa, ya ɗora faifan, ya tsaya yana musu bayani kamar da shi aka kaɗa. "Ku saurari mai gangar nan," yakan ce, "ba ya gaggawa. Sai ka ɗauka ya makara, sannan ya sauke maka a ƙirji." Ko ya ce, "Mai jitar nan ba kaɗawa yake ba, faɗa yake da ita, kuma kullum shi ke da nasara." Ya taɓa tara gashi saboda su, sai da babansa ya biyo shi har shago da almakashi. Sai dai duk wannan karamcin, fuska ɗaya ta faifan yake sa wa jama'a. Ɗaya fuskar, inda waƙar ƙarshe take, sai ya ja ƙofa yake ji.

To, yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autansu, kuma Auta kowa ke ce masa. Shekara tara ce tsakaninsu. Auta yana koyon walda a lokacin, kuma kiɗan ya shige shi fiye da kowa, har ya harhaɗa wata jita da katako da wayar birki yana ta yi wa mutanen gida azaba da ita. Wata guda cur yana bin yayansa ya ɗaukar masa faifan a kaset, Allura yana ta gobe, jibi. Sai da maganar ta kai gun mahaifiyarsu, ta ce, "Ka ba ƙaninka mana. Cinye kiɗan zai yi?"

Babu yadda ya iya, ya zauna ya ɗauka. Fuska ta farko ta shiga, ta biyu ta bi, har aka zo waƙar ƙarshe. Ita ce ran faifan. A hankali take farawa, can sai mawaƙin ya yi shiru, ya bar mai jita shi kaɗai yana hawa, yana hawa, har ya kai wani wuri ya ja sauti ɗaya mai tsawo ya riƙe. Daidai nan Allura ya miƙa yatsa ya danna, ƙas, ya tsayar da kaset. Ya miƙa wa Auta ya ce, "Iyakarsa ke nan, zaren ya cika." A ransa kuwa cewa yake a bar wa mai abu wani abu. Abin da ya biyo bayan wannan wurin, shi kaɗai ya san shi a duk garin, kuma haka yake so ya tabbata.

Auta shi ba ya riƙe abu. Duk wanda ya roƙa sai ya ba shi ya kwafa. Kafin shekara ta zagayo, kiɗan Mutanena yana tashi a tasi, a shagon aski, a garejin makanikai, kuma duk inda ka ji shi, a wuri ɗaya yake yankewa da ƙas ɗin nan ta yatsan Allura. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba balle ta ɗauko wa mutum waƙa, kuma babu kantin da ke sayar da faifan. Auta ya tara ya sayi jita ta gaske, ya haddace kaset ɗin kaf. In ya zo inda aka yanke, ba ya tsayawa. Sai ya riƙe dogon sautin nan, ya sake shi, ya ci gaba da wani abu nasa na kansa, ya yi ta tafiya da shi har mutane su miƙe tsaye ba su sani ba.

Haka aka yi shekara ashirin da biyu. Auta ya buɗe wurin waldarsa, da rana yana haɗa ƙofofi, ranar hutu yana kaɗawa a wurin taro. Samari suka kafa ƙungiyoyin kiɗa har uku a garin, dukkansu a gunsa suka koya, kuma dukkansu ƙarshen nan nasa suke kaɗawa. Allura kuwa yana nan da dalmarsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne baƙo ya kawo rediyo, ya dube shi ya ce, "Au, ashe kai ne yayan Auta mai jita?" Shi da ya kawo kiɗan garin, yau shi ake kwatantawa da yaron da ya goya. Yakan dawo gida yana huci, ya ce wa matarsa, "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ƙarya fa yake kaɗa musu. Ba haka waƙar take ba."

Ita kuwa takan ce, "To Maigida, ka je ka faɗa masa yadda take mana."

Ba ya zuwa. Wato ba ya shiga. Amma duk ranar da Auta ke wasa, sai ka ga Allura a bayan ginin, jikin taga, wai yana duba wata waya da ba wanda ya ce masa ta lalace. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma irin mai cin mutum a tsaye.

Wata safiya aka faɗa a rediyo cewa mai jitar Mutanena ya mutu. Allura ya ajiye aikin da ke hannunsa, ya share shago, ya fito da benci biyu ƙofa, ya zauna yana jiran masu zuwa yi masa jaje. Har rana ta take babu wanda ya zauna a bencin sai mai ɗinkin kujeru, shi ma inuwa ya biyo. Daga bakinsa Allura ya ji cewa wurin waldar Auta ya cika maƙil tun safe, har da masu kuka.

Kwana biyu bayan haka wani mai aski ya zo da saƙo. Masoya kiɗan za su taru ranar Asabar da la'asar a zauren ƙungiyar direbobi don tunawa da mamacin. "Auta zai kaɗa mana waƙar ƙarshe," in ji shi, "kai kuma ka taimaka mana da lasifika da waya." Allura ya yi wani murmushi da bai kai ido ba, ya ce babu komai, zai kawo.

Ranar Asabar matarsa ta gan shi yana goge garmaho, yana naɗe faifan a tawul. Ta tsaya ta dube shi, ta ce, "Maigida, in ramin mugunta za ka gina, gina shi gajere." Ya ce ita ba ta san kiɗa ba.

Zauren ya cika da tsofaffin direbobi da makanikai masu furfura da samarin da ba a haifa ba lokacin da aka buga faifan. Auta ya hau dandamali, shi ma kansa ya fara fari, hannayensa duk tabon walda. Ya kaɗa waƙar tun daga farko, ya hau, ya riƙe dogon sautin, ya shiga nasa. Allura yana gefe jikin lasifika, kuma duk haushinsa sai da ya ji abin ya taɓa shi, wannan kuwa ya ƙara masa haushi. Da aka gama tafi, ya tako gaba da garmahonsa, ya ce, "Jama'a, kun ji ta ƙanina. Yanzu ku ji yadda mamacin ya kaɗa ta da hannunsa. Shekara ashirin da biyu kuna jin rabi."

Ya ciro kwalin ashana, ya ɗaura allura, ya sauke ta a kan waƙar ƙarshe. Mai jita ya hau, ya hau, ya ja dogon sautin. Mutane da yawa suka ɗaga kai suna jiran ƙas, ƙas ba ta zo ba. Sautin ya sauko, ya yi 'yan juyi uku masu daɗi, ganga ta amsa, sannan kiɗan ya riƙa yin ƙasa-ƙasa har ya ɓace. Duka-duka bai kai rabin minti ba. Allura ya ɗaga kai yana duban fuskoki.

Wani tsohon direba a layin gaba ya ce, "Shi ke nan?"

Mai aski ya ce, "Ko faifan ne ya ci? Ina sauran?"

"Babu saura," in ji Allura. "Haka take."

Aka ɗan yi gunaguni. Wani saurayi daga baya ya ce da alama su ma Turawan kaset ɗinsu ne ya cika, aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma da ma zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Dukiyar da ya yi shekara da shekaru yana gadi a aljihu, yau ya zube ta a gaban jama'a, an duba an ga ba ta cika tafin hannu ba.

Auta kaɗai ne bai yi dariya ba. Yana zaune a bakin dandamali, jita a cinya, idonsa ya yi ja. Ya taso ya zo kusa da yayansa, ya yi magana yadda su biyu kawai za su ji. "Yaya, na gode. Kullum ina tsoron ranar da zan ji wurin nan. Ashe da kyau ya sauka, Allah ya ji ƙan hannun."

Allura ya kau da kai, ya ce, "Kaset ɗin ne ya cika a lokacin."

"Bai cika ba, Yaya. Ana jin yatsanka a ciki. Bayan nan akwai sauran zare na minti shida babu komai, sai shuu. Na auna shi ya fi sau ɗari." Ya goge ido da bayan hannu. "Ni na ɗauka wuri ka bar mini in cike. Shi ya sa nawa minti shida ne daidai, ban taɓa wucewa ba."

Ko da gaske haka Auta ya ɗauka, ko rufa wa yayansa asiri yake, Allura bai sani ba, kuma bai iya tambaya ba. Ya naɗe wayarsa, ya ɗauki garmaho, ya bar lasifikar a aiko masa. Mutanen da sun ce hassada ga mai rabo taki ce, amma ba kowa ne ke ganin gonar da ya zuba wa takin da idonsa ba.

Ya iso gida rana ba ta faɗi ba. Matarsa tana kwashe shanya, ba ta tambaye shi yadda aka yi ba, fuskarsa ta riga ta faɗa. Ya zauna a kan tabarma yana cewa mutanen garin nan ba su san kiɗa ba, an ba su na gaske sun fi son na jabu. Ta ninke riga ta ajiye, ta ce, "Maigida, gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Shekara nawa ina jin ka? Duk sanda faifan nan ya ƙare, kai ba ka ƙarewa. Na Auta kake ci gaba da shi da baki, har da kaɗa kai."

Ya ce ƙarya ne, sharri ne, shi bai ma riƙe abin da yaron ke kaɗawa ba. Don ya ƙaryata ta, ya jawo garmahon nan take, ya ɗora waƙar ƙarshe, ya zauna ya datse leɓɓansa, ya harɗe hannu a ƙirji. Kiɗan ya hau, ya sauko, ya ɓace, allura ta shiga zagaye a wurin da babu komai. Bakinsa bai motsa ba, ya kuwa dube ta da alamar ya yi nasara.

Ita ba fuskarsa take kallo ba. Ya bi idonta ya duba ƙasa, ya ga ƙafarsa ta dama tana ta bugun tabarma, ta riga ta yi nisa cikin minti shidan Auta.