Ƙasar da Gara Ba Ta Ci

Mahadi mai karo, wato amalanken jaki, bai taɓa aiki a mahlaj ba ko na kwana ɗaya, amma ba wanda ya mori tsohon gidan gurzar audugar nan na gefen Sinja kamarsa. Da injuna suka yi shiru, aka watse aka bar gangunan maganin ƙwarin auduga suna tsatsa a bayan sito, shi ya fara lura cewa gara ba ta hawa katangar wurin. Ko tururuwa ba ta gilmawa. Mutumin da gara ta cinye wa rumbu sau biyu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya ɗaura jaki, ya cika karo da ƙasar, ya nufi gida.

Kafin shekara uku, duk mai yaɓe a ƙauyen Hausawa ƙasar Mahadi yake nema. Wani tsoho ya rantse cewa wani bawan Allah mai tafiya Makka a ƙasa ya taɓa yin salla a wurin, shi ya sa. Mahadi bai ga bawan Allahn ba, amma bai musa ba, don labarin ya yi masa daɗi.

Ɗakin farko da aka yaɓe nasa ne, kuma matarsa Indo ce ta yaɓe shi. Duk bayan damina takan kwaɓa ƙasar da kashin shanu, ta shafe bango da tafin hannu tana yi masa tsiya cewa hannun maza bai iya komai ba sai dukan jaki. A yaɓenta na ƙarshe ta danna hannu gefen ƙofa, ya fito raɗau, har da ƙaramin yatsanta da ya karye ya ɗoru a karkace. Shekara shida ke nan da rasuwarta, bayan tari mai tsawo. Tun daga nan bai bari kowa ya taɓa bangon ba. A ƙarƙashin hannun yake shan shayinsa kowace safiya, kuma kewarta ba ta ragu da komai ba.

Sai hukuma ta ware kuɗi a auna ƙasar tsofaffin masana'antu, a gyara, a yi kasuwa a filin mahlaj. Aka turo injiniya, Ibtisam, jikar Hausawan Abu Na'ama, wadda Larabci ya fi zama a bakinta. Ta iske rami a bayan sito, ya kusa tafki girma, ta tambayi wanda ya haƙa. Aka kira Mahadi. Ya zo da jallabiyarsa ta Juma'a, a zatonsa godiya za a yi masa. Da ya ga ta sa safar hannu kafin ta ɗebi ƙasar da shi yake ɗiba da hannu shekara ashirin, gabansa ya faɗi.

Bayan mako uku ta zo ƙofar gidansa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ƙasar nan ba baraka ba ce. Sim ne, guba. Maganin gangunan ne ya shiga ciki. Ɗaki goma sha huɗu za a kankare, naka har da rushewa, don yaɓen ya yi kauri. Za a gina maka wani."

"Wanga bango dai a bar mini shi, ɗiyata. Ni tsoho na, mi za ya yi mini?"

"Jikokinka nan suke kwana, Baba."

Gaskiya ce, ƙananan kan jingina da bangon, har ƙaramar tana lasarsa in an yi yayyafi. Ya ɗaga kai ya dubi hannun.

"Tarin da ya ɗauke ta, wagga ƙasa ce?"

Ibtisam ta so ta yi masa ƙarya, ya gani a fuskarta. "Wallahi ban sani ba, Baba. Ba wanda zai iya sani yanzu."

Ya fi son ta ce a'a. Ko i ɗin ma da ya san inda zai ajiye ta.

Ranar aikin, ma'aikata suka zo da babbar mota da buhuna. Ibtisam ta ce za ta ɗauki hoton hannun a waya, ya ce ta ɗauka, amma hoto ba a dafa shi. Ya ce ba wanda zai fara sara sai shi, shi ya kawo ƙasar. Ta miƙa masa safar hannu, ya sa ta hagu, ya riƙe ta dama.

Ya je gefen ƙofa ya ɗora tafinsa a kan na Indo. Nasa ya rufe shi duka, sai ɗan yatsan nan karkatacce da ya leƙo waje. Ya daɗe a haka, ba wanda ya ce ya yi sauri. Sannan ya sa ɗayar safar, ya ce a miƙo masa diga.