Yadda Aka Sallami Katanga

Tun yana saurayi 'yan kallo suka raɗa masa Katanga, domin in ya tsaya a baya ba ɗan gaban da ke wuce shi da ƙwallo. A kulob ɗaya ya yi ƙuruciyarsa kaf. A gidan da kulob ɗin ya ba shi aka kai masa amarya, a nan aka haifi 'yarsa, a tsakar gidan matarsa ta dasa lemo har ya fara 'ya'ya.

Gwiwa ce ta fara cin amanarsa. Ana tsakiyar kakar wasa ta kumbura kamar tulu, koci ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Katanga, ka daure mana. In ba kai a baya, mun kaɗe." Aka riƙa yi masa allura kafin kowane wasa, yana shiga fili yana cije baki, har ranar da ya faɗi shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi.

Da ya warke ya koma, sakataren kulob ya kira shi ofis, ya ba shi kujera mai laushi, har da ruwan sanyi.

"Ka san kai namu ne," in ji sakatare. "Kwantiraginka da saura, ba mu da ikon korarka. Amma in ka sa hannu cewa mun rabu da yardar juna, ka zama mai 'yancin kanka. Duk kulob ɗin da ya yi maka, sai ka tafi."

"Ranka ya daɗe, ina zan je da wannan ƙafa? Ku bari in ƙarasa wa'adina."

Sakatare ya yi murmushi, ya ce ba komai.

Washegari aka ce masa an canja lokacin atisayensa. Sauran 'yan wasa da safe, shi kuma da tsakar rana, shi kaɗai. Aka kwashe kayansa daga ɗakin canja kaya aka kai ɗakin ajiye raga da tsofaffin ƙwallaye. Ba ƙwallo, ba koci, sai wani ma'aikaci da ke zaune a inuwa yana kallon agogo, domin in ya makara ko ya yi fashi, an sami hujjar korarsa ke nan. Ya yi ta zagaye fili kamar jakin da aka manta ba a kwance ba. Abokan da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya, in sun hango shi sai kowa ya duƙufa kan wayarsa.

"Maigida, kada ka sa hannu," matarsa ta ce masa tana gasa masa gwiwa da ruwan zafi. "So suke ka gaji."

Ya gaji ɗin kuwa. Amma ba rana ce ta karya shi ba, kyaftin ɗin kulob ne, amininsa, wanda ya yi masa babban aboki ranar aure. Ya zo har gida ya ce wani kulob na nemansa ido rufe, takardar sakinsa daga kulob ɗinsu kawai suke jira. Katanga ya yarda da shi, ya je ya sa hannu. Sakatare ya rungume shi.

Da ya kira wancan kulob ɗin, suka ce lallai sun taɓa tambaya a kansa, amma ai an rufe rajistar 'yan wasa tun makon jiya, sai wata kakar. Ya kira kyaftin, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Kafin wata ya ƙare aka aiko a karɓi makullin gida, domin gidan na ɗan wasan kulob ne, shi kuma yanzu mai 'yancin kansa ne.

Suka koma ɗaki ɗaya a gidan yayansa mai shagon siminti. Da wata kakar ta zo, kowane kulob tambaya ɗaya yake yi: in lafiyarsa ƙalau, me ya sa nasu suka sake shi?

Yanzu a shagon yake. Ba ya iya tafiya mai nisa da buhu, sai ya tsaya bakin mota yana miƙa wa masu lodi. Yayan kan nuna shi ga masu saye, ya ce, "Kun gane shi kuwa? Katanga ne fa!" Su yi hoto da shi, siminti har gira.

Wata ranar wasa rediyon shagon na kunne, sai ga muryar sakatare yana yabonsa, wai gwarzo ne da ya zaɓi ya huta don kansa, kuma ƙofar kulob a buɗe take gare shi har abada.

Yayan ya ce, "Ka ji, ashe ba su manta da kai ba."

"Yaya, don Allah rage muryar," in ji Katanga. Ya sunkuya a hankali, ya jawo buhu na gaba.