Ranar da Na Ƙi Tayar da Jirgi Wayam

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu tun daga farko: idan wawan wannan labari yake nema, kada ya wahalar da idonsa, ni ne. Wata Alhamis ce a farkon damina, shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare a Birnin Kudu, lokacin Jihar Jigawa ko shekara goma ba ta cika ba, har tsofaffi kan manta su ce mu mutanen Kano ne. An yi ruwa da asuba, filin makaranta sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da fukafukan shinge. Muna cikin shara sai ga Malam Kofa, ɗan bautar ƙasar da aka turo mana daga Kudu, ya fito daga ofishin Firinsifal rungume da wani farin akwati mai ƙeya kamar talabijin, masinja na biye da shi da ƙaramin janareta a ka. Ni da na fi kowa tsawo da ƙarar murya na yar da tsintsiya na sanar da jama'a cewa yau za a nuna mana fim ɗin Indiya. Ranƙwashin da na sha daga malamin horo ne ya fara koya mini kalmar kwamfuta.

A lokacin gashin baki ya fara tsiro mini, don ban shiga boko da wuri ba, kuma da na shiga ban yi gaggawar wuce kowane aji ba. Ni mutum ne mai son ya zauna ya fahimci wuri sosai. Ainihin makarantata ita ce tasha. Mahaifina direba ne, yana jan wata tsohuwar bas tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ni kuma da an tashi daga makaranta sai in cusa littattafai a ƙarƙashin kujerarsa in hau kiran lodi. Na iya ɗaure akuya a saman mota kafin in iya jimla guda da Turanci. Na san yadda ake rantse wa fasinja cewa saura mutum ɗaya alhali motar ko rabi ba ta yi ba. Babban abin kunya kuwa a tasha, wanda ake yi wa direba dariya a kansa har shekara ta zagayo, shi ne ya fita da mota ba kowa a ciki. Baba kan ce, "Duk wanda ka ga ya tayar da mota wayam, ko ba tasa ba ce, ko kansa ba daidai yake ba." Na haddace wannan magana fiye da jadawalin lissafi.

A gidanmu akwai Sabi'u, ɗan Goggo Hajara ƙanwar Baba, wanda aka kawo daga Gwaram don ya yi karatu. Taubashina ne, kun kuwa san yadda taubasai suke: duk abin da ya fito daga bakin ɗaya, ɗayan wasa yake ɗaukarsa. Ina kiransa Bawana, yana kirana Kan Injin. Siriri ne, ba ya son hayaniya, sai kallo. Tare muke ɗebo ruwa a rijiyar unguwa, tare muke yankan ciyawar awakin Inna a bakin gonakin hanyar Kangire, mu dawo ƙafa duk ƙaiƙayi. Idan muka faki idon manya sai mu haye duwatsun bayan gari, inda yaran da suka riga mu suka goge wani falalen dutse da mazaunansu har yana sheƙi. Mu zauna a kan fasasshiyar roba ko ganye mu sulalo. Ni nakan nemi wuri mafi tsayi in faɗo ina ihu, wando ya yage, Inna ta rama wa wandon a jikina. Shi kuwa sai ya tsaya yana gangaro da ƙwallon goruba, yana duba inda ya yi gudu da inda ya gaji.

Malam Kofa ya kawo kwamfutar ne don koyar da buga rubutu, amma akwati ɗaya ba ya isar aji guda, kuma yara ba sa zama don a nuna musu inda harafi yake. Sai ya yi dabara ya buɗe mana wani wasa. A cikin gilashin nan akwai fili kore shar, da wasu mutane ƙanana kamar tururuwa suna shigowa ta ƙofa suna neman abin da za su hau. Aikinka shi ne ka shimfiɗa musu layin dogo a sama, mai hawa da gangara da lanƙwasa, ka ɗora taragu a kai, su shiga ya kwashe su da gudu ya dawo da su inda suka tashi. Idan ya yi musu daɗi su fito suna tsalle, idan ka tsananta su fito suna amai a kan hanya. Muka sa masa suna jirgin gangara. Abin da ake turawa a kan tebur kuma, mai wutsiyar waya, muka ce ɓera. Da Malam ya ga har masu gudun makaranta sun daina gudu, sai ya sa gasa: a kasu biyu-biyu, kowane rukuni ya gina jirginsa kaɗan-kaɗan idan layi ya zo kansa, ranar ƙarshe a buɗe a gaban Firinsifal. Waɗanda suka ci za su zauna tare da shi duk dogon hutu, su kula da ɗakin kwamfuta, ya koya musu aikinta na gaske.

Ni wannan kyauta ba ta ɗaɗa ni da ƙasa ba, hutuna na tasha ne. Sabi'u kuwa ita ce rayuwarsa. Yayansa ya tafi Kano bai waiwayo ba, mahaifinsa kuma ƙafa ta fara ba shi wahala, ga gona a Gwaram tana jiran hannu. Tsohon ya aiko ta bakin Baba cewa idan an yi hutu Sabi'u ya tattaro kayansa gaba ɗaya, karatun ya isa haka. Goggo ta yi ta roƙo har ya sassauta da sharaɗi guda: in makaranta da kanta ta riƙe yaron don ta ga wani amfani a tare da shi, to ba zai ja da hukuma ba, zai nemi 'yan ƙodago. In kuwa ba haka ba, ya dawo. A gabana Baba ya faɗi wannan saƙo muna cin tuwo, ba zan ce ban ji ba.

Daga ranar Sabi'u ya daina zuwa dutse. Da yake ɗan lokaci kaɗan kowa ke samu a gaban kwamfuta, sai ya gina nasa jirgin a bayan ɗakin Inna, kusa da turken awaki. Ya tsaga karan dawa ya yi layi, ya kafa ginshiƙai da yumɓu, ya riƙa sako ƙwallon aduwa daga sama yana bin sa da ido. Kaji su rushe, ya sake. Akuya ta cinye masa kwana guda, ya sake. Ni aikina in zauna a kan turmi ina ba shi shawarar da bai tambaya ba. Ya sha gaya mini cewa tudun farko shi ne uban tafiya, duk wanda zai biyo baya dole ya rusuna masa, in ba haka ba ƙwallon zai dawo da baya. Ni kuma in ce, "Bawana, kai da ko keke ba ka iya ba, kai za ka koya wa ɗan direba hanya?" Ya yi dariya, in yi dariya. A makaranta shi ke faɗa, ni ke riƙe ɓera, don shi ba ya son a zuba masa ido. A haka muka gina wani jirgi mai kyan gaske, ba tsayi can-can ba, amma yana tafiya sumul kamar ruwa a kwata. Duk lokacin da muka ƙara wani abu sai ya sa an saki taragun ba kowa sun zagayo, ni kuwa in kau da kai kamar an zagi mahaifina.

Ranar gasa aka cika ɗakin har tagogi. Firinsifal ya zauna a gaba da hularsa a gwiwa, janareta na kuka a waje. Waɗanda suka riga mu, wasu yara biyu 'yan Unguwar Ya, suka buɗe nasu, sai ga wani tudu ya tashi kamar hasumiya. Ɗaki ya ɗauki sowa. Rabin fasinjojinsu sun fito suna layi kamar mashaya, amma wa ya kula? Ni dai sowar nan ce ta shige mini kunne ta ƙi fita. Da aka kira mu, Malam Kofa ya ce kowa na da ɗan lokaci ya gyara abin da yake so kafin ya buɗe. Na zauna na kama ɓera, na je tudunmu na biyu na fara ɗaga shi. Na ɗaga, na ƙara, har ya leƙa kan na farko ya wuce.

Sabi'u ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kan Injin, sauke shi. Ba zai hau ba."

Na ce, "Da lodi zai hau. Nauyi ke tura mota a gangara."

"To saki ba kowa mu gani tukuna. Don Allah, Yaya."

Bai taɓa ce mini Yaya ba sai ran nan, kuma ko wannan bai farkar da ni ba. Na ɗauka sabon salon tsokana ne. Na dubi gilashi, ga 'yan mutanen nan sun yi dogon layi a ƙofa suna jira. Na dubi taga, ga yaran tasha abokaina sun leƙo. Fasinja a tsaye, a ce ɗan direba ya tayar da mota wayam a gaban jama'a? Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Gwaram! Gwaram! Saura mutum ɗaya!" Ɗaki ya fashe da dariya, har Firinsifal ya murmusa. Na buɗe ƙofa.

Suka shiga suka cika taragu maƙil. Jirgi ya hau tudun farko yana ƙaƙas-ƙaƙas, ya sulalo da gudu, 'yan mutanen suka ɗaga hannuwa. Ya kama tudun da na gina, ya hau, ya hau, ya rage gudu, ya tsaya cak dab da ƙololuwa kamar mai tunanin wani abu. Sannan ya dawo da baya. Jirgi na biyu kuwa, da yake biyu muka ɗora a layin, wanda shi ma na cika shi don kada a bar kowa a tasha, ya riga ya taso. Suka haɗu a kwari. Wuta ta tashi a gilashi, taragu suka watse, wani jan rubutu ya fito a ƙasa wanda ko ni mai ƙaramin Turanci na gane ba gaisuwa ba ce. Sauran mutanen filin suka juya suka nufi ƙofar fita. Wani yaro a taga ya ce, "Innalillahi, ya kashe su duka!" Aka yi dariyar da ta fi ta farko, ni ma na taya su, don ban san me zan yi da fuskata ba. Da na waiga, Sabi'u ba ya dariya. Yana tsaye yana kallon gilashin.

'Yan Unguwar Ya suka ci. Na je na sami Malam Kofa na haɗa Turancina da Hausarsa na ce laifina ne, a ba Sabi'u shi kaɗai. Ya ce ya sani, amma a gaban kowa aka yi, ba zai ƙwace wa waɗanda suka ci ba. Da aka yi hutu Sabi'u ya ɗaure kayansa a buhu, Inna ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda. A motar Baba ya tafi, ni na kira lodin, ni na ɗora buhun a sama. Layin karansa ya zauna a bayan ɗaki har ruwan Agusta ya narkar da yumɓun. Bai dawo ba. Ni da ba wanda ya hana ni karatu, shekara ɗaya na ƙara na bari da kaina, na koma tasha inda dama can zuciyata take.

Yanzu furfura ta ci rabin gemuna, yaran mota na ce mini Baba, gwiwa na gaya mini za a yi ruwa kafin hadari ya haɗu. Irin wasan nan da muka yi wa layi aji guda, yau yana cikin wayar ƙaramin ɗana; yana kwance a tabarma yake gina jirgi ya rushe ya sake, ba mai kallo, ba abin da zai rasa. Falalen dutsen nan ma ya dushe, ba mai hawa. Wani lokaci nakan karɓi wayar in ce zan duba masa, in yi ta sakin taragu ba kowa suna zagayawa har ya gaji ya ƙwace abinsa. Abin da sauƙi ashe.

Sabi'u na nan a Gwaram, yana noma, yana kuma gyaran injin ban-ruwa a wata rumfa kusa da kasuwa. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka, sai bara da na tsaya a rumfarsa ana sauke mini kaya. Na tarar da shi ya baje wani inji a ƙasa, baƙin mai ya ɓata shi har gwiwar hannu. Bakina da ba ya zama lafiya ya ce, "Bawana, ka gode mini fa. Da ka ci gasar nan da yanzu kana wani ofis a Dutse da tumbi da hawan jini. Ni na cece ka. Kuma in don fasinjojin nan ne, ai na yi musu addu'a."

Bai ɗago ba. Ya goge sifana a gefen rigarsa ya ce, "Ajiye addu'arka, Yaya. Su ai Malam na danna abu ɗaya suka tashi da ransu kafin la'asar. A duk lodin da ka yi ran nan, ni kaɗai ne ban tashi ba."