Kyamarar Da Ta Daina Ƙara

Wata rana wani mai ɗaukar hoto a Gusau, Zayyanu, ya sayar da tsohuwar kyamararsa.

Irin ƙatuwar nan ce mai madubi a ciki, wadda in an danna sai ta ce ƙaras, har na waje ya ji. Wuyansa ya gaji da ɗaukarta a gidajen biki.

Ya sayo ta zamani, marar madubi. Ga sauƙi, ga kyan hoto, kuma in ka so ko tari ba ta yi. Zayyanu ya kashe mata sauti gaba ɗaya, yana ta yi wa abokai burga.

Shagonsa a jikin gidansu yake. Bango ɗaya ya raba shi da ɗakin mahaifinsa, Malam Tanimu, dattijon da idonsa ya daɗe da rufewa.

Ba a jima ba tsohon ya canza.

A kawo tuwo da nama, ya ce a ba jikoki naman. Furar da ba ya wuni sai da ita, ya ce ta fita ransa. Maganin hawan jininsa ya ƙare, bai gaya wa kowa ba, sai da jiri ya kayar da shi a tsakar gida.

Hankalin Zayyanu ya tashi. Ya durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah me ke damunka?"

"Zayyanu, ni makaho ne, amma ba kurma ba ne. Ina jin mutane suna shiga shagonka, su yi surutu su fita, kyamara ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Na san kasuwa ta tsaya, kunya ta hana ka faɗa mini. Shi ne na ce bari in rage maka nauyi."

Ashe duk shekarun nan da wannan ƙarar tsohon yake sanin ɗansa na samu. Tana cewa ƙaras, yana cewa Alhamdulillahi.

Tausayi ya kama Zayyanu har da hawaye. Unguwa kaf ta san ya canza kyamara, ban da mutumin da ke bayan bango.

Ya ɗauko ta ya sa masa a hannu. Tsohon ya shafa, ya jinjina.

"Wannan 'yar abar ce ke ciyar da mu?"

Nan take Zayyanu ya kunna mata sauti, ya ƙure shi. Har yau abokan sana'a suna tsokanarsa, wai ya sayi marar ƙara ya sa ta surutu.

Malam Tanimu dai ya koma shan furarsa.

Darasi: Iyayenmu suna lura da mu ta hanyoyin da ba mu sani ba. In wani abu ya canza a rayuwarka, ko alheri ne, ka zauna ka gaya musu, kada ka bar su da zato.

Tura wa wanda iyayensa ke raye, ko zai leƙa su yau.